Hancin Auta

Yaya,

Ba na jin ƙamshi. Wari ma ba na ji. Na sa shi a layin farko ne don na san halina, idan na fara da gaisuwa zan cika takardar da ita, in ninke, in miƙa wa Kawu direba ban faɗi komai ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ke ma don ba kya kallona ne na iya.

To, yanzu assalamu alaikum. Ya karatu, ya asibitin da suke tura ku koyon aiki? Mu nan lafiya lau. Mama tana nan da ciwon ƙafarta, tsayuwar gidan wanki da guga ba ta ragu ba. Kaka tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko an fara koya muku allurar da ke mayar da tsohuwa yarinya.

Kin tuna zazzaɓi da murar da na yi gab da tafiyarki? Su sun tafi, hancin ne bai dawo ba. Da farko ban ma lura ba. Ranar da na gane ina soya albasa ne. Ina kallonta tana ja a cikin mai, amma kamar a talabijin ake girkin. Na sunkuyar da fuskata bakin kasko har tiririn ya dafa min kumatu. Babu. Na shinshina sabulu, na shinshina kananzir, na buɗe ɗan turaren da kika bar min. Duk ɗaya suke da ruwan famfo. Gishiri da sukari ina jin su can nesa-nesa, kamar ana hira a bayan bango. Sauran abinci kuwa, zafi ne da sanyi kawai.

Da ido da kunne nake girki yanzu. Na gano shinkafa tana sauya murya idan ruwanta ya kusa tsotsewa. Wake kuwa munafuki ne, shiru yake kamawa. Idan na haɗa miya sai in kai wa Kaka a cokali in ce ta ɗanɗana min. Kin san amsarta: "Ƙara gishiri." Jiya don tsokana na kai mata ruwan shayi a cokali, ta lumshe ido ta ce in ƙara gishiri. Mama kuma idan ta dawo, ido rabi a rufe take ci, ta ce sannu Auta, ta jingina da bango. Ban san ko daɗi take ji ko gajiya ce ta hana ta magana ba.

Za ki ce me ya hana ni faɗa miki a waya. Ta yaya? Wayar Mama ce, kuma da kin kira ake sa ta a sifika saboda kunnen Kaka. Har maƙwabciya tana amsa gaisuwarki ta taga.

Don Allah kada Mama ta ji. Ina bayan labule ranar da ta yarda ki tafi. Cewa ta yi, in dai Auta za ta iya riƙe kicin da Kaka, je ki, in kuwa ta kasa sai ki ajiye karatun ki dawo. Kika ce zan iya. Ban taɓa jin wani ya faɗi haka a kaina da irin wannan muryar ba.

Akwai wani abu kuma, kada ki yi dariya. A duk littafin da nake karantawa, ƙamshin turaren saurayin ne yake riga shi shigowa ɗaki, sai gaban budurwar ya faɗi tun ba ta ɗago kai ba. To ni fa? Ko ya shigo ya zauna ya gama shan ruwa, ina nan ina tsince shinkafa.

Na gaji, Yaya. Da na dawo makaranta sai kicin, kuma ni kaɗai ce a gidan ban san me na dafa ba.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta tawa,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, Kawu ya miƙo min shi ta ƙofar makaranta yana ta hon, wai fasinja suna zaginsa. Ina lafiya, sai dai ƙafafuna sun zama irin na Mama. Wuni muke a tsaye muna gyara gado muna auna zafin jiki, in mun dawo ga karatu. Ki gaishe min da Mama, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan filo. Ki ce wa Kaka allurar tana nan, amma sai an cire wa mutum son gishiri kafin a yi masa.

Ke Auta, ba ki da dama! Ina karanta zancen mai turare na fashe da dariya har 'yar ɗakinmu ta ce ko saurayi ne ya rubuto. Wane littafin ne kuma wannan? Na tuna lokacin da kika karanta na yarinyar da ke suma, kika yi mako kina dafe bango kina cewa jiri. Ragowar mura ce kawai. Ki tafasa ruwa ki lulluɓa da zane ki shaƙi tiririn safe da yamma, zai buɗe. In kuma mai turaren ya riga hancin zuwa, ki aiko min shi in shinshina miki.

Maganar girki, ga abin da na sani. Wake ba munafuki ba ne, ke ce kike zama a kan turmi da littafi a cinya. Ki bar littafin a ɗaki. Gishirin miyar gidanmu cokalin shayi ɗaya ne a shafe, kada ki biye wa Kaka. Ragowar abinci ki sa a firji da wuri.

Mu nan abin da ake ba mu sunansa kawai abinci. Taliya ce a caɓe, ko shinkafar da za ki iya jifan kare da ita. Da ni ce hancina ya toshe, da na gode Allah.

Ki daure, kin ji? Kada ki sa Mama ta fara tunanin dawo da ni, don wallahi in na dawo a kanki zan huce. Jarrabawa ta matso, in kin ji ni shiru ita ce.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Mu ma lafiya. Mama ta ce filo ɗaya ne mai tauri a gidan, kuma Kaka ta riga ta ɗauka.

Maganar da na rubuto miki ki manta da ita. Na yi tiririn. Ya buɗe. Ba wanda zai dawo da ke.

Labarin gida ba wani sabo. Wuta sai ta ga dama take zuwa, firjin ya koma kabad. Famfon kicin yana ɗiga, na tara masa roba. Na koyi yanka kabeji siriri irin naki. Ranar hutun Mama na soya ƙwai da dankali, ta ci ta ƙara, ta ce hannuna ya fara faɗawa. Na ji daɗi, ko da yake ban san da me ya fi na sauran ranaku ba.

Shekaranjiya wake ya ƙone. Ba kamawa ba, ƙonewa, har tukunyar ta yi baƙi ƙirin. Ina tsakar gida ina wanke kayan makaranta, ƙofar kicin a bayana. Maƙwabciya ce ta leƙo ta katanga tana cewa, "Ke 'yar nan, gidan za ki toya mana? Tun daga bakin titi ake jin ƙauri!" Da Mama ta dawo ba ta yi faɗa ba. Ta dubi tukunyar, ta dube ni, ta shiga ɗaki ta kwashe littattafaina duka, har wanda na aro ban gama ba, ta zuba a buhu ta ɗora saman kabad. Ban ce mata ba karatu nake yi ba. Na ga kin riga kin yarda littafi ne, ita ma ta yarda, to shi ke nan, littafi ne.

Wanda ban gama ba ɗin, na tsaya ne inda budurwar take tsaye a tasha da akwatinta, shi kuma saurayin motarsa ta lalace a hanya. Idan ina kankare tukunya sai in riƙa ƙarasa musu da kaina. Wani lokaci ya iso, wani lokaci in bar ta nan tsaye, gwargwadon yadda na gaji.

Ba sai kin ba da amsa ba, na san kina da aiki.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ya jikin Kaka? Ya Mama, ya ke kanki? Ni lafiya, an gama jarrabawa.

Wasiƙarki ta daɗe a aljihun motar Kawu, motar tana gareji. Sai jiya ta iso, bayan Mama ta riga ta kira ni daga asibiti ta ce an kwantar da Kaka, amai da gudawa, har sai da aka ƙara mata ruwa. Ta ce miyar kifi ce da ta kwana ba wuta, kika ɗumama kika ba ta. Ta ce miyar da ko daga bakin ƙofa mutum zai ji ta juya.

Da na karanta "ya buɗe" sai da na yi hamdala. Sai na ci gaba, na zo wurin waken. Mutumin da hancinsa ya buɗe ba ya zama a tsakar gida wake yana toyewa a bayansa. Na koma na ɗauko wasiƙarki ta farko na sake karantawa, wannan karon a zaune, ba a tsaye a layin abinci ba. Auta, ki yafe min. Kin gaya min abin da ba ki gaya wa kowa ba, na mayar da shi abin dariya. Na tambayi malamarmu ba tare da na ce ke ce ba. Ta ce yana faruwa bayan irin wannan zazzaɓin, wasu ya dawo musu, wasu ya daɗe, kuma likita ya kamata ya duba, ba tiriri ba.

Zancen in na dawo a kanki zan huce, wasa nake yi. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ba wasa ne zalla ba. Ba na son dawowa. Ina son aikin nan duk da ciwon ƙafar. Ranar da na fara samun jijiya a hannun wata tsohuwa ban sa ta kuka ba, ji na yi kamar in yi rawa a tsakiyar ɗakin. Idan na ajiye yanzu ban san ko za su sake karɓata ba.

Duk da haka dole Mama ta sani. Ba zan faɗa mata ba, kin roƙe ni, kuma maganarki ce. Ba zan kuma ce miki na san abin da za ta yanke ba. Kin san Mama, in ta faɗi magana ba ta cika janyewa ba. Amma Kaka a hannunki take ci, kuma ga gas a kicin ɗin nan. In ya zama dawowa ce, zan dawo, zan yi kukana, ba kuma a kanki zan huce ba.

Na san bakinki ba ya buɗuwa a gabanta. Ki nemi yadda za ki yi.

Yayarki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Kaka ta dawo gida, jiki da sauƙi, sai rashin ƙarfi. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Bakin dai yana nan. Ta ce abincin asibiti an dafa shi ne don a hukunta marasa lafiya. Mama lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Na yafe miki, ni ma ki yafe min ƙaryar da na yi.

Bari in gaya miki yadda aka yi, don ba wanda ya tambaye ni. Na dawo makaranta Kaka tana jin yunwa. Na buɗe firji, ba sanyi, ban san tun yaushe aka ɗauke wutar ba. Miyar lafiya lau a ido, ba kumfa, ba ta sauya launi ba. Na kai mata tukunyar har gado na ce, "Kaka, shinshina min wannan." Ta ce, "Ke mai sabon hanci kina tambayar tsohuwa? In kin ce lafiya, lafiya." Na ce ni dai ki shinshina. Ta kai hanci ta ce, "Ƙalau take, ƙara gishiri." Na ɗumama na zuba mata a kan shinkafa. Ni ban ci ba, na daɗe da daina jin yunwa sosai. A asibiti ne na ji tana gaya wa nas cewa ita rabonta da jin ƙamshin abu tun kafin a haife ni, ba ta dai faɗa ne don kada a ce ta tsufa. Kin gani? Ni na dogara da ita, ita ta dogara da ni, ashe mu biyun ba mai hanci.

Mama ta rasa kwanakin aiki tana jinya. Da ta koma, mai gidan wankin ya mayar da ita wurin manyan zannuwan gado na otal, inda ƙarfen gugar ya fi nauyi. Yanzu kuma ta ce ita za ta riƙa girki kafin ta fita. Ina jin ta da sassafe tana jan ƙafa a kicin, tana neman ashana a inda ba nan nake ajiyewa ba. In na fito in taya ta sai ta ce, "Koma, na gode." Wannan na gode ɗin ya fi mari ciwo. Magana ɗaya ta yi min tun da abin ya faru. Ta ce, "Auta, ban san inda hankalinki yake ba, amma ba a gidan nan yake ba." Alhali kuwa, Yaya, ba inda yake sai gidan nan. Ko a aji ina lissafin ko na kashe gas.

Ga abin da ya hana ni magana. Muddin Mama tana ganin littafi ne, to abu ne mai gyaruwa. Ta kwashe su, za ta jira in yi hankali, ke kuma ki ci gaba da karatunki. Ranar da ta san hanci ne, ta san ba faɗa ba ne maganinsa, sai ta fara tunanin wa zai riƙe gidan. Shi ya sa na zaɓi in zama marar hankali. Na ɗauka zan iya ɗauka har ki gama.

Yau ce ta nuna min ba zan iya ba. Ranar hutun Mama ce, ta ɗan fita karɓo maganin Kaka. Kaka ta ce tana son shayi da madara. Na ɗauko madarar da Mama ta buɗe jiya, na tsaya da gwangwanin a hannu. Na kalle ta. Na karkata ta. Na ɗiga a bayan hannu na lasa. Ban sani ba. Kaka tana kira daga ɗaki, "Gimbiya, saniyar kike tatsa?" Na tuttular da madarar a kwata, na duba ragowar shinkafar safe ita ma na zubar, na zubar da miyar da Mama ta tashi da sassafe ta yi. Duk na zubar, don ban san wanne ne zai sake kwantar da ita ba.

Mama ta shigo ta tarar da ni da tukwane wayam. Ta sunkuya ta shinshina tukunyar miyar, ta ɗago ta ce, "Wannan ai lafiyarta ƙalau." Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a kan turmi da ledar maganin a cinya, ta cire takalmi, ta riƙa murza idon sawunta. Sannan ta ce, ba ma da ni take ba, "Ni kam na rasa yadda zan yi." Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Ba abin da ya fito. Na shige ɗaki na ɗauko biro.

Ban san me zai biyo baya ba. Wataƙila ta ce ki dawo. Wataƙila ta ce in riƙa dafawa ita tana shinshinawa kafin ta fita, ko a roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙowa, tun da dama leƙen take yi kyauta. Na yi ta tsara maganar a kaina yadda ake yi a littafi, inda uwa take rungume 'yarta su yi kuka komai ya wuce. Mama ba ta da ƙarfin wannan. In ta ce ki dawo, ki yi haƙuri, Yaya. Na riƙe iya riƙona.

Kawu ya aiko cewa gobe zai biyo ya karɓi saƙo. Zai tarar ba komai, don Mama zan ba wannan takardar, sai ki ji sauran a waya, ke da maƙwabciya. Na karanta abin da na rubuta daga sama har ƙasa, na ga duk abin da bakina ya kasa yana ciki. Ba zan sake kwafe shi ba, in na tsaya gyarawa zan fasa.

Mama, ke nake nufi yanzu. Ba littafi ba ne. Tun kafin Yaya ta tafi hancina ya mutu, tsoro ya hana ni faɗa. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki kira ta.

Yaya, har yanzu Mama tana kan turmin, ina hango bayanta ta labule. Zan dafa wa Kaka baƙin shayi, in kai wa Mama ruwa, in ajiye wannan a kan cinyarta. Sannan in tsaya a wurin, ba zan gudu ɗaki ba.

Auta